Hoton da Na Goge wa Baba

Abu ɗaya ne ba zan taɓa mantawa da shi ba a bikin ƙanwata, kuma ni na jawo wa kaina.

Sati biyu kafin bikin na dawo daga wata bita a Kaduna (ni ne malamin kwamfuta a makarantarmu, mai kwamfuta uku, biyu ba sa kamawa). A can aka koya mana cewa hoto ma yana iya zama tarko. Manhajar da ke buɗe hoto takan ware masa wuri a ƙwaƙwalwar waya. Mugu sai ya haɗa hoton da zai cika wurin har ya malala inda ba nasa ba, kamar kunu a ƙaramin kofi, daga nan ya mallake wayar. Na dawo Birnin Gwari kaina ya kumbura. Har mai shayi sai da ya sha lacca.

Rannan Baba ya miƙo min wayarsa. "Duba min, wata baƙuwar lamba ta turo abu."

Hoto ne, bai gama sauka ba, dishi-dishi, kore da ja. Na ce, "Baba, Allah ya rufa maka asiri da ka haife ni!" Na goge hoton, na goge lambar, na zauna ina jiran godiya.

Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga Dogon Dawa, Baba bai sake taka garin ba. Ba ya maganar gidanmu na can, amma kullum in ya shimfiɗa tabarma, wajen dajin da ke hanyar garin yake fuskanta. Ni ma ina kewar gidan, ƙwarai kuwa.

Ranar ɗaurin aure sai ga Baba Bulus, maƙwabcinmu na can, wanda ya koma Minna. Suka rungumi juna da Baba, zaure cike da mutane, Baba Bulus ya ce, "Malam, ka ga gidanka? Na saci jiki na shiga garin. Wayata ba ta ɗaukar hoto, sai na roƙi wani direban gawayi ya ɗauka ya turo maka."

"Wane direba?"

"Wallahi ko sunansa ban sani ba."

Baba ya juyo ya dube ni. Zauren ma ya juyo. Na buɗe baki na fara, "Ai ƙwaƙwalwar waya..." Kawu Sale ya ce, "Taka dai za a duba."

Ba a yi dariya sosai ba, abin da ya fi yi min ciwo ke nan. Baba ya ja hannun Baba Bulus ya ce, "To, faɗa min da baki. Rumbun na tsaye?"

Daga baya na koma kan takardun bitar. Ashe maganin da aka rubuta shi ne a riƙa sabunta manhaja (wayata ma ban sabunta ba). Ba inda aka ce a goge gidan mutum. Yanzu kafin yatsana ya taɓa komai a wayar wani, sai na tambaya sau biyu.

Har yau Baba yakan kira ni bayan la'asar. "Kai da ka gani, jan nan da ka ce, bangon ɗakin mahaifiyarka ne?"

Ban sani ba. Amma kullum cewa nake, "Shi ne, Baba."