Ranar da Na Shiga Layin Mata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsallako kogi cikin hijabin matata ba.

Wani ƙurji ne ya fito mini a gefen hanci, ya ƙi warkewa. Likita ya ce ciwon daji ne na fata, aka tura ni asibiti a ƙasar waje. Ni da girman kai, na ce wa dangi fatauci zan tafi Kwatano. Matata kaɗai ta sani.

Maganin abin mamaki ne. Allura aka yi mini, ta kwanta a jiki shiru, sai da aka haska jar fitila a wurin ta tashi ta cinye ciwon. Amma likita ya ja kunnena: har tsawon makonni kada rana ta taɓa ni, in ba haka ba fatata za ta ƙone.

To, a lokacin da zan dawo gida sojoji sun rufe gadar kan iyaka, daga garin Malanbil zuwa Gaya a tsallaken kogi sai kwalekwale, tsakar rana, ba inuwa. Na zumbula hijabin da matata ta cusa mini a jaka (da ta ba ni har tsaki na yi), na sa safa a hannu, na rufe fuska ruf.

Muna sauka soja ya nuna ni: "Madam, layin mata!" Na bi. Ina tsayawa na ji murya a bayana. Surukata ce, ta dawo daga sarin atamfa!

"Baiwar Allah, sannu da zafi," in ji ta. Na gyaɗa kai. Ai kuwa ta buɗe hira: "Ni mijin 'yata ne damuwata. Wai fatauci! Mutumin da ko albasa bai iya tayawa ba. Ina jin wata ya ajiye a Kwatano."

Gumi har cikin safa. Sai soja ya karɓi katin shaidata, ya dubi hotona mai gemu, ya dube ni. "Buɗe fuska!"

In na buɗe in ƙone, in na ƙi in kwana a hannunsu. Na miƙa takardar likita, na ce da muryata ta ƙato, "Ranka ya daɗe, rana ce ba ta so na."

Surukata ta yi salati. Da soja ya karanta mata takardar, ta fashe da kuka, ta ƙara ja mini mayafin: "Rufe, ɗan nan, rufe! Ciwo ne ka ɓoye mana?"

Na warke sarai, alhamdulillahi. Na kuma koyi cewa mai ɓoye ciwonsa ya shirya jin abin da ake faɗa a bayansa, a gabansa. Maganar albasar dai har yau ba ta janye ba.