Yayana Mai Dogon Kunne

Shekarar da na yi aure, abokai suka zuba mini zaƙami a fura a kasuwar Konni. Cikin maye jakina ya dube ni ya ce, "Uwarmu ɗaya."

Da hankalina ya dawo, na ɗauki maganar da muhimmanci. Na kwance masa dabaibayi, na fahimtar da matata cewa ba a ɗaure ɗan'uwa. Ta ce, "To, Malam."

Kafin azahar ya gama da waken gonar surukina. Na je ban haƙuri, tsohon ya saurari bayanina a natse, ya ce, "Ba komi. Tunda yayanka ne, gidan surukai ya ci abinci."

Har yau a garinmu Tsarnawa, in jaki ya yi kuka, sai a ce mini, "Amsa mana, yaya na kira."