Giwayen Watan Safar

Da jikokina haifaffun Makka suka matsa sai sun ga giwa ido da ido, na ce a bar mini shirin. Na ɗauko tsohon littafina, inda na rubuta da ajami shekara goma sha shida da suka wuce cewa na je wani gandun namun daji can ƙasarmu a watan Safar, rani tsantsa, giwaye cike da bakin tafki.

Surukina ya ce, "Baba, in duba yanayin a waya?"

Na ce, "Yanki tikitin Safar kawai. Wayar ta taɓa ganin giwa?"

Ni da nake koya wa mutanen unguwarmu ta Misfala lissafin wata, na manta Safar ba ya zama wuri ɗaya. Muka sauka a tsakiyar damina. Kwana huɗu muna yawo, ciyawa ta fi motarmu tsawo, abin da muka gani kwaɗi ne da zabo ɗaya. Alhamdulillahi, yaran dai sun sha rawa cikin taɓo.

Har yau, da yayyafi ya sauka a Makka, sai ƙaramarsu ta leƙo ɗakina ta kira ni kaka da Larabci, ta ce, "Jaddi, ɗauko littafin, giwayenka sun iso!"