Muktari Ya Yi Sabon Abokin Dariya

"Lahiya lau, sai kewar manya," in ji Arzika, ko kai bai ɗago ba daga babur ɗin da yake kwancewa. "Ashe mutanen cikin waya su ma suna taka ƙasa?"

Mai sallamar Muktari ne, taubashinsa. Uwar Muktari da uban Arzika ciki ɗaya suka fito, can Kalfu, kuma tun suna yawo ba wando suke zagin juna ba a taɓa raba su ba. To bana Muktari ya buɗe shirin barkwanci da ake saurare a waya, wai shi fodkas, shi da wani Attahir, ma'aikacin buro, wato ofis, ɗan Damagaram. A kashin shirin na jiya ne, ana tsakiyar dariya, Muktari ya faɗa a gaban Attahir, duk garin Tawa na ji, cewa bara ya yi wata huɗu cikin ciwon damuwa. Arzika a waya ya ji, kamar kowane bare. Sau uku ya saurara, duk 'yan kabu-kabun bakin tasha shaida ne.

"Ka ji shirin jiya?" in ji Muktari.

"Wane shiri? Ni mai sana'a ne."

"An ce har ka sa a ƙaro maka murya."

"Jaki na ji yana kuka, na ce a duba ko na wani ne ya ɓace. Anka ce mini a'a, Attahir ne ke dariya."

"Kishi zai kashe bawana."

"Wa ke bawan wa? Ni kishi? Da mutumin da ke sa madubin ido don ya ci tuwo? Wanda ke ce ma fura 'pardon' kahin ya dama ta?"

"Ya dai fi ka wanka."

"Shi ya sa barkwancinshi duk ya wanke, ba gishiri ba yaji. Kana ce mishi ka yi wata huɗu ba ka son hita ɗaki, mi ya ce? 'To ai ka huta da ranar Tawa.' Kai jama'a! Shirun da ya biyo baya har na girgiza wayar, na zaci caji ya ƙare."

"Au, ashe ka ji."

Arzika ya ga ya taka kansa. Ya kama wata ƙusa da ya riga ya ɗaure, ya shiga ƙara ɗaure ta.

"Iska ta kawo mini. Kuma ko ba ta kawo ba, wa ya ɗauke ka a baya ranar da kunama ta halbe ka a gonar Baba? Attahir?"

"Ka ɗauke ni, ka yar da ni a kan ƙaya."

"Wa ya raka ka zance wurin Haula sau goma sha ɗaya?"

"Ka ce mata ina minshari kamar injin niƙa."

"Ƙarya na yi? Ta aure ka da saninta, ni ta gode ma. Amma yau ciwo ya kama ka, ka tsallake ni, ka tsallake garejin ga, ka kai ma baƙo da mikro a gabanshi. Har tsohuwar da ke saida ƙosai ta riga ni sani. Da sahe ta ce mini, 'Ya mai jiki?' Na tsaya kamar an dasa ni."

Wannan kam ba da wasa ta fito ba, duk da ya yi ƙoƙarin rufe ta da tsaki. Muktari ya jawo tsohuwar taya ya zauna.

"Kai na fara gaya ma, Arzika."

"Ƙarya kake, ɗan mace."

"Bara, lokacin noman farko, da munka je Kalfu. Muna hutawa gindin gawo. Na ce maka abinci ba ya mini daɗi, barci ba ya zuwa, ko gaisuwar mutane nauyi take mini. Mi ka ce?"

Arzika ya tuna sarai.

"Ka ce tsutsar ciki ce."

"To ai alamun sun yi kama..."

"Ka tsaida mai tallar magani, ka sai mini ƙwaya shida. Ka bi dangi gida gida kana shela. Har Inna ta dafa mini saiwa mai ɗaci, ta tsaya kaina sai da na shanye. Wata biyu yaran Kalfu na kirana Mai Tsutsa."

"Sunan dai ya zauna maka."

"Ya zauna. Na sake gwadawa ranar sunan ɗiyar Safi ƙanwarmu, ka ce in bari sai an raba nama, kar tsutsotsin su ji ƙamshi su hito."

Wani ɗan kabu-kabu da ke jiran babur ɗinsa ya fashe da dariya. Arzika ya harare shi har sai da mutumin ya tuna yana da uzuri wajen mai shayi.

"Ni ina zan gane?" in ji Arzika, murya ta sauka. "Shekara talatin duk abin da ya hito bakinka, in mayar maka ne aikina. Ranar da ka ce za ka yi aure ma na zaci wasa ne. Ba ka canza fuska ba, ba ka ce 'wanga ba wasa ba ne' ba."

"Da na ce, da ka ce tsutsar ta hau kai."

"Da na ce," Arzika ya amsa, don ƙarya ba ta da wurin tsayawa.

"Attahir bai iya barkwanci ba, na yarda. Amma in ya yi na banzan nan nashi, kunya takan kama shi ya yi shiru. Cikin shirun nan nike samun wurin magana. Shi ya raka ni wurin likita. Kai kuwa tun da anka haihe ka ba ka taɓa jin kunya ba."

"Wato da rashin iyawa ya kada ni."

"Da shi."

Arzika ya goge hannu a riga, ya shiga cikin rumfa. Sai ga shi da cuku guda biyu nannaɗe a takarda, wanda wani Buzu ya kawo masa daga Abalak, ya ɓoye ko matarsa bai nuna wa ba. Ya dangwara su a cinyar Muktari.

"Ci. Yau ka kada ni, kar ka saba."

"Cuku? Kai? Lalle gobe za a yi ruwa."

"Rufe mini baki. A'a, buɗe. Tambaya ɗaya gare ni." Ya jawo benci ya matso har gwiwarsu ta haɗu. "Akwai abin da ba ka gaya ma mai madubin nan ba?"

Muktari ya tsaya da tauna, ya dube shi.

"Akwai."

"Ko kaɗan bai ji ba?"

"Ko kaɗan."

Arzika ya washe baki, ya gyara zama, ya kama leɓɓansa biyu da yatsu masu baƙin mai ya matse.

"To shi nike so," ya ce ta gefen baki. "Fara."