Awakin Aro a Batagarawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da awaki suka tona mani asiri ba, ko da yake yanzu da furfura ta kama ni ina ba da labarin ina dariya.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, masu ba da tallafi daga waje suka fara shigowa Katsina. Muna da 'yar ƙungiyar sa kai a Ƙofar Sauri, muna taimaka wa manoman wani ƙauye a gefen Batagarawa. Ni ne shugaba (ba don ilimi ba, a firamare na tsaya, babbar rigata ce ta fi ta kowa aiki). Muka nema wa matan ƙauyen tallafin kiwo, aka ce wata jami'a 'yar Filato, Madam Rifkatu, za ta zo ta gani da idonta.

Na leƙa garken da muka kafa masu, na tarar da 'yan awaki ramammu, ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Na ce ina! A gidajenmu ko kwanon kai wa baƙo abinci arowa ake yi, balle baƙuwa ta taso daga nesa. Sakatarenmu Malam Lawal ya ce, "Alhaji, a bar ta ta ga gaskiya mana." Na ce, "Lawal, ba ka san rufin asiri ba." Na tsallaka unguwar da ke daura da su, na bi gidajen masu hali ina aron awaki.

Madam ta iso bayan azahar. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutan gida, sannan ta dubi garke cike maƙil.

"Kai, Alhaji, sannunku da ƙoƙari! Ai kun wuce neman tallafi. Bari mu kai wa waɗanda ba su da shi."

Matan ƙauyen da ke zaune a tabarma suka zuba mani ido. Lawal kuwa sama yake kallo, kamar mai neman jinjirin wata.

Ina ta kame-kame har la'asar ta yi. Can tsallake masu awakin suka fara buga kwanon dusa, kamar yadda suka saba kullum. Kafin ka ce kwabo awaki sun ture danga! Wani bunsuru ya bi ta tsakanin ƙafafuna ya yi gaba da gefen rigata, sai ga shugaba zaune daɓas a ƙasa, hula can gefe.

Madam ta yi dariya har da hawaye. "Alhaji, naku ne suka tafi yawo, ko na mutane ne suka koma gida?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, aro ne."

Tallafin ya fito, alhamdu lillahi, amma hannun matan aka damƙa shi kai tsaye. Shugabanci kuma ya koma wajen Lawal. Kaɗan ya rage kunyata ta hana bayin Allah rabonsu, har yau ina istigfari.

Abin da na koya dai, mai roƙo ba ya kwalliya. In kuma dole sai ka yi aro, ka ari abin da ba shi da ƙafa.