Ranar da Na Yi wa Surukina Ruwan Ɓawon Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar bazara ba, ranar da na ɗauki surukina a tsohuwar jif ɗina daga Kazaure zuwa ɗaurin aure a Kanya Babba. Shi ne waliyyin amarya, ni kuma na yi karambanin cewa kada ya wahala da motar haya, tunda tawa akwai esi.

Esin akwai shi kam, fankar da ke huro sanyin ce take aiki ranar da ta ga dama. Ni kuwa malamin fasaha ne a wata sakandare a Roni, don haka na ga raini ne in kai wa bakanike. Ranar Juma'a na tuɓe riga na shiga bincike. Na zaro fis na duba, lafiyarsa ƙalau. Na taɓa bututun esin, ya yi sanyi kamar randa, ke nan gas bai ƙare ba. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban ga wadda ta tsinke ba. Da haushi ya kama ni na kai wa ƙasan aljihun gaban motar naushi, sai ga fanka ta tashi tana gurnani. Na ce shi ke nan an gyara. (Har matata na kira ta zo ta sa hannu ta ji iska, ta ce Allah ya ƙara basira.)

Da safe surukin nawa, wanda muke kira Baba, ya fito cikin farar shadda da ta sha bugu, da rawani, yana ƙamshin turare. Ya zauna a gaba. Amininsa Malam Ilu, limamin unguwarsu, ya shiga baya. Na ɗaga gilasai gaba ɗaya, na murza esi. Shiru.

Na yi kamar ban lura ba. Mun bar duwatsun Kazaure a baya, motar ta zama tanda. Ta wutsiyar ido na ga gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin rawanin Baba, amma kunyar surukuta ta hana shi magana. Malam Ilu ne ya yi gyaran murya.

"Malam, ko za a ɗan sauke gilashin nan?"

"Allah gafarta Malam, yanzu zai kama. Sai injin ya ɗau zafi tukuna." (Wannan ƙarya ce da ko ɗalibaina ba za su yarda da ita ba.)

Matsalar ita ce wurin da ake naushin yana daidai gwiwar Baba. Ta yaya mutum zai kai duka kusa da gwiwar surukinsa? Na yi ta auna abin har muka yi nisa. A ƙarshe na gangara gefen titi, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku ɗan janye ƙafa."

Ya janye, bai tambayi dalili ba. Na murza fankar zuwa lambar ƙarshe, na dunƙule hannu na kai naushi. Ba ta motsa ba. Na ƙara, har yatsuna suka yi tsami. A na uku ta yi wata irin ƙara kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa, sannan duk ramukan iskar suka yi aman abin da ke cikinsu lokaci guda.

Ɓawon gyaɗa ne, da yayin soson kujera, da gutsattsarin takardun jarrabawar ɗalibaina da na daɗe ina nema, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana kamar shinkafa. Ashe ɓera ne ya gina gida a cikin fankar. Kusan duk a kan Baba abin ya sauka: gemu, rawani, gaban riga. Ya rufe ido yana tari, ni kuma garin neman kashe fanka na kunna rediyo.

Da ƙyar na samu na kashe komai. Malam Ilu ya miƙo hannu ya tsinci ƙwaya ɗaya daga kafaɗar Baba, ya gyara tabarau ya dube ta da kyau.

"Alhaji, wannan kashin ɓera ne. Amma da sauƙi, busasshe ne, kakkaɓewa ta wadatar. Sai dai inda ya haɗu da gumi, nan kam sai an wanke."

A jikin Baba kuwa babu inda babu gumi.

Haka na tsaya a bakin titi ina zuba ruwan jarka, limami yana cuɗa wuyan babbar rigar surukina, shi kuma yana zaune a gindin wata kuka daga shi sai 'yar ciki, yana tsince gemu. Wasu Fulani da ke kora shanu suka tsaya suka yi mana jaje, sun ɗauka haɗari muka yi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun isa Kanya Babba an fi rabin awa ana jiran waliyyi. Baba ya ba da auren da jiƙaƙƙiyar riga. Da aka tambaye shi abin da ya tsare su, cewa ya yi, "Hanya ce." Wannan rufin asirin ya fi mini zafi fiye da a ce zagina ya yi.

Da aka watse na buɗe masa ƙofa. Ya dubi motar, ya dubi wata akori-kura da ke lodin 'yan biki, ya ce cikin taushin murya, "Malam, ka yi gaba abinka, Allah ya yi albarka. Waccan za mu bi, na ga iskarta daga Allah take."

Ni kaɗai na dawo Kazaure, gilasai a sauke. Abin da na koya shi ne, in za ka burge surukinka, ka kai masa goro. Ban taɓa jin an kwance goro ɓera ya faɗo ba.