Makullin Jif a Wuyan Sallau

A Tudun Maɗaci, ƙauyen nan da ke bisa tsauni, wanda hanyarsa ɗaya ce tak kuma gangare ce mai tsawo, an yi wani mutum wai shi Sallau. Ya haura arba'in, yana da mata ɗaya, Tabawa, da awaki huɗu, da gonar gero wadda Tabawa ce ke tuna masa lokacin shukarta. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a sashen gaba na gidan, idanunta sun fara rauni. Kada a ɗauki alhakin Sallau, ba taɓin hankali gare shi ba. Matsalarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta da shi, can za ka tarar da shi da la'asar yana korar ƙudaje. Shi ya sa tun tasowarsa ba wanda ya taɓa ba shi ajiyar ko allura, abin kuwa yana ci masa rai, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

Wansa, Alhaji Jatau, hatsi yake sayarwa a birni, kuma yana da wata ƙatuwar jif baƙa wuluk, mai kujerun fata, irin wadda in ta wuce sai hira ta tsaya. Duk shekara hukuma kan duba lafiyar motoci ta ba da takardar shaidar cewa sun cancanci hawa titi, kuma a nan Alhaji yake da abin alfahari. "Shekara bakwai ana kai ta," in ji shi a duk majalisar da ya zauna, "ba ta taɓa faɗuwa ba. Mota mai tsada ba ta san faɗuwa ba." An ji wannan magana har an haddace.

Wata rana Alhaji ya kawo jif ɗin ƙauye, don ta riƙa kai Inna asibitin ido duk wata. Ya duba ya ga ba filin da zai ɗauke ta sai tsakar gidan Sallau. Ba don ransa ya so ba ya miƙa masa makulli. "Ga amana," in ji shi. "Direbana Mati zai riƙa zuwa yana tayar da ita. Kai dai naka kulawa. Kada ka bari rana ta taɓa ta, fenti take ci." Sallau ya karɓa da hannu biyu, ya nemo igiya ya zura makullin ya rataya a wuya kamar laya. Kafin azahar ya kwance rufin madafar Tabawa, ya kwashe zanan banɗaki, ya kafa wa mota rumfa. Duk da haka wani siririn haske ya ɓullo ta tsakanin zana ya sauka a kan murfin gaba. Sai Sallau ya tsaya a wurin ya baza babbar rigarsa, haske ya matsa ya matsa, haske ya matsa ya matsa, har rana ta faɗi. Tabawa tana tuƙa tuwo a cikin rana gumi na zuba, ta ce, "Malam, ni fa? Ni ba ta cin fentina?" Ya dube ta da gaske ya ce, "Yaya bai ce komai a kanki ba."

Wata rana Alhaji ya zo ya ga shatin hannuwa a jikin gilashi, na masu zuwa kallo. Ransa ya ɓaci. "Daga yau kada ka bar kowa ya taɓa ta. Ka ji ko? Kowa." Sallau ya ce ya ji. Ranar Laraba Mati ya iso zai tayar da mota, ya tarar da Sallau zaune a kan turmi da sanda a cinya. Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa shi ne direba, Sallau ya ce ya sani sarai, ai tare suka ci ɗanwake makon jiya, amma kowa aka ce. Mati ya kira Alhaji a waya, Alhaji ya baro kasuwa ya taho a fusace, ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa, sai ga sanda a gabansa.

"Sallau, ni ne fa!"

"Na gane ka, Yaya. Amma kai ma kowa ne."

Sai da Alhaji ya tsaya a gaban Inna da Tabawa ya bayyana cewa ya janye maganar a kan kansa da kan Mati, sannan sanda ta sauka. Inna ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ita dai ta haifi ɗaya mai faɗa ba tunani, ɗaya mai ji ba tunani.

Wata rana, da lokacin sabunta takarda ya gabato, Mati ya zauna yana lissafa wa Sallau abubuwan da ake dubawa: fitilu, hon, tayoyi, safaya, birki, da jar tukunyar nan ta kashe gobara da ke ƙarƙashin kujera. Da zai tafi ya ciro ta ya miƙa masa ya ce, "Baba Sallau, ita tukunyar nan a tabbatar tana aiki." Sallau ya juya ta, ya girgiza ta, ya kara ta a kunne, bai ga alamar aiki ba. Ya yi tunani, iyakar tunaninsa, ya ga ba yadda za a san abin kashe wuta yana aiki sai an sami wuta. Wuta ɗaya ce a gidan, ita ce ke ƙarƙashin miyar kukar Tabawa. Ya zare ƙusa ya matsa. Farin gari ya turnuƙe murhu, ya rufe miya, ya rufe Tabawa tun daga ɗankwali har zuwa zane, awaki suka tsallake danga. Da ƙurar ta lafa ya sanar da ita cikin farin ciki, "Tana aiki." Ranar gari da ƙuli aka ci a gidan, aka kuma sayo wata tukunyar daga birni, don waccan ta ƙare ƙarƙaf.

Wata rana, ranar Talata ce, ranar kai mota, Alhaji ya kira Sallau gefe. Yana da ciniki a kasuwa, ba zai samu zuwa ba, kuma ranar Juma'a za a kai Inna a yi mata aikin ido. Haƙurinsa ya kusa ƙarewa. "Za ka bi Mati. Ka tsaya a kanta, kada ka matsa sai an duba komai an ba ku takarda. In kuka dawo ba takarda, ka cire makullin nan ka ba ni, na gaji." Sallau ya dafe makullin a ƙirjinsa. Tsoro ya kama shi sosai, domin wannan ɗan ƙarfen shi ne abu na farko da aka taɓa yarda da shi a kansa. Ranar ce kuma ya fara shiga motar, don shi ma duk watannin nan yana lissafa kansa a cikin kowa.

A wurin duba motoci akwai layi mai tsawo: tsofaffin tasi, da akori-kura, da bas-bas masu ɗaure da waya. Kowace sai an hau da ita kan wani dogon rami, ma'aikaci ya shiga ƙarƙashi da tocila yana ƙwanƙwasa. Amma da jif ta shigo tana sheƙi, sai aka yi mata abin da aka saba yi wa irinta. Jami'in ya zagaya ta sau ɗaya, ya sa Mati ya kunna fitilu, ya danna hon, ya leƙa tukunyar gobara, ya shafa kujera ya ce, "Kai, mota kenan." Ya jera alamomi a takarda daga sama har ƙasa, ya ɗaga hatimi zai buga.

"Ranka ya daɗe," in ji Sallau, "ba a duba komai ba."

Jami'in ya tsaya da hatimi a sama. Mati ya taka ƙafar Sallau, Sallau ya janye ƙafarsa ya ba shi haƙuri.

"Malam, irin wannan motar ba ta da matsala. Bara ma ni na duba ta."

"Yaya ya ce komai. Waɗancan an shiga ƙarƙashinsu. Tamu ba a shiga ba."

Mati ya ja shi gefe yana raɗa masa cewa shekara bakwai haka ake yi, ba a taɓa hawa da ita ramin nan ba, ga takarda a hannu, ya rufa musu asiri. Sallau ya saurara har ƙarshe, sannan ya je ya zauna a ƙasa daidai gaban tayar gaba, ya naɗe ƙafafu. An ce kada ya matsa. Direbobin tasi suka taru suna dariya, wani ya ce ai gaskiyarsa, me ya sa su kaɗai ake shiga ƙarƙashinsu? Jami'in ya ga idanu sun yi yawa, ya ajiye hatimi ya ce a hau da ita.

Ya shiga ramin yana tsaki. Aka ji ƙwanƙwasa, aka ji ƙwanƙwasa, sai aka ji shiru. Ya ce Mati ya taka birki ya riƙe. Da ya fito, yatsunsa sharkaf da mai, fuskarsa ta canza. Ya yage takardar farko, ya rubuta wata, ya miƙa. Mati ya karanta ya dafe kai. Jif ta faɗi.

Da la'asar motar janwe ta sauke jif a garejin wani bakanike da ke gindin tsauni, don jami'in ya hana a tuƙa ta. Can Alhaji ya same su. Bai ko amsa gaisuwa ba. Mati ya ba shi labari tiryan-tiryan, har da zaman da aka yi a ƙasa. "Takarda a hannu!" in ji Alhaji. "An ɗaga hatimi! Shekara bakwai, Sallau, sai da ka sa hannu ta faɗi. Yanzu me zan faɗa wa mutane? Kawo makullina." Sallau bai yi musu ba, ai haka aka yi da shi. Ya ciro igiyar daga wuya, ya miƙa da hannu biyu yadda ya karɓa, ya koma ya tsuguna a jikin bango. Baƙin ciki ya cika shi, sai hannunsa ke ta komawa ƙirji yana laluben abin da babu.

Can bakaniken ya fito daga ƙarƙashin mota riƙe da wani ɗan baƙin tiyo, tsawonsa bai wuce taƙi ba. Ya ce wannan shi ke kai mai zuwa birki. Ya lanƙwasa shi kaɗan a gaban Alhaji, tiyon ya dare gida biyu, busasshe, duk tsaga.

"Alhaji, wannan ba lalacewar bana ba ce, ta shekaru ce. A shimfiɗaɗɗen titi zai yi ta lallaɓawa. Amma ranar da aka taka shi da ƙarfi a gangare, shi ke nan, ƙafa za ta tafi har ƙasa." Ya ɗaga kai ya dubi hanyar Tudun Maɗaci da ke saukowa a bayansu. "Wa ke hawanta?"

Alhaji ya bi hanyar da ido, tun daga sama har kwanar da ke bakin kwazazzabo. Ya sake duban tiyon. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Inna. Ranar Juma'a."

Ya juya ya nufi bango, ya tsuguna a gaban ƙaninsa, abin da bai taɓa yi ba, ya rataya masa igiyar da hannunsa. "Riƙe," in ji shi. "Kuma kada ka ba..." Sai ya kama bakinsa, ya tsaya yana auna kalmomi ɗaya bayan ɗaya, domin ya gane da wa yake magana. "Baɗi ma kai za ka kai ta. Abin da ka yi yau, shi za ka yi."

Sallau ya dafe makullin ya gyaɗa kai. "Har da zaman ƙasa, Yaya?"

"Har da zaman ƙasa."

Ranar Alhamis aka mayar da jif wurin duba motoci da sabon tiyo, aka shiga ƙarƙashinta ba tare da kowa ya roƙa ba, ta samu takardarta. Ranar Juma'a ta sauko gangaren a hankali, Inna a baya, Sallau a gefenta yana riƙe mata sanda. A kwanar kwazazzabo Mati ya taka birki, mota ta ji magana. Daga ranar, in Alhaji ya zauna a majalisa, sai ya ce motarsa sau ɗaya aka taɓa duba ta, kuma ranar ta faɗi.